Rago Na Uku Daga Gindin Darbejiya

Ba zan taɓa mantawa da Babbar Sallar da na yi a Maraɗi ba, ko na so in manta ma mutanen can ba za su bari ba. Shekarar da aka fara Shari'a ce a nan Zamfara, jihar kanta ba ta daɗe da samuwa ba, ni kuma ina shekarata ta biyu a ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a Kaura Namoda. Na ambaci ajin ne don yana da hannu a abin da ya same ni. Lokacin hannuna ya fara faɗawa da rubutu, komai na gani sai na rubuta shi a wani ɗan littafi mai shuɗin bango da nake yawo da shi (har ranar da kazata ta fara kwanci tana ciki).

Ɗiyata ta fari ke aure a can. Ba na kama sunanta, kun san al'ada, amma a gida Lanti ake ce mata. Mijinta Sanusi mutumin Shinkafi ne, atamfa yake sayarwa a kasuwar Maraɗi. Suna haya a wata unguwa da mutanenmu suka taru, 'yan Kaura da 'yan Zurmi da 'yan Shinkafi, cakuɗe da 'yan gari. An shirya za ta dawo gida ta haihu a gabana, tunda cikin fari ne. Sai haihuwar ta zo mata tun lokaci bai yi ba, ta kuma zo da gardama. Mai gidan da suke haya, wata bazawara da ake kira Hajiya Mariyama, ita ta kai ta asibiti, ita ta zauna da ita kwana biyu, ita ta dafa ruwan wankan jego. Lokacin babu waya a hannun kowa. Kafin saƙo ya iso mini ta bakin wani direba, har an yi suna. Duk abin da ya kamata uwa ta yi wata ta yi shi, ni ina Kaura ina koyon haɗa baƙi da wasali.

Abin ya tsaya mini a rai. Ni ba mai magana ba ce, in na buɗe baki a taro sai an ce in ɗaga murya. Amma muna da wata al'ada a gidanmu da na gada wurin Innata, mutuniyar Katuru. Ranar Babbar Sallah, kafin rana ta faɗi, ana yanko cinyar ragon layya a yi miyar sure, wato yakuwa, da ita, a gasa hoce, wainar dawa irin tamu, a ba duk wanda ya yi maka alherin da baki ba zai iya biya ba a cikin shekarar. Kwanon godiya take ce masa. Na ce to, Allah ya kawo mai kwanon bana.

Na ƙulla garin dawa daga gonarmu ta Kurya Madaro, da busasshen sure, da daddawa, na shiga mota, mata a baya maza a gaba kamar yadda aka fara yi lokacin. Muka bi ta Zurmi muka faɗa Jibiya. A bakin iyaka wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya kwance buhuna, daddawa ta gaishe shi, ya ɗaure da sauri ya ce in wuce. Na isa saura kwana uku Sallah.

Hajiya Mariyama na fara gani a tsakar gida. Doguwa ce, kakkaura, muryarta kuwa ana jin ta daga bakin titi.

"Ke ce uwar?" ta ce. "To sannu da zuwa, Bazamfara. Kin iske mun gama aikin, sai ki zauna ki amshi lada."

Na durƙusa zan fara godiya, ta ɗago ni.

"Bari wanga. An ce ku can yanzu ko allura mutum ya ɗauka sai gaban alƙali. Saki jikinki, nan ba mu kai can ba."

Ta ja ni ta nuna mini ragonta a turke, fari tas, wuyansa kamar na ɗan maraƙi. Ta ce wata goma sha ɗaya tana kiwonsa da hannunta. An sa wa ɗanta Habu rana, kuma washegarin Sallah za a kai cinyarsa gidan surukai, ɗungum, don su san irin gidan da ɗiyarsu za ta shigo. Na yaba. A gefe kuma ga ragon surukina, ɗan matsakaici, ƙahonsa ya fi jikinsa. Shi ma na yaba, amma a zuci na ɗan raina shi.

Layyar Maraɗi ba irin tamu ba ce. Akwai wani kango jikin gidan da aka kewaye da zana, nan gidajen layin suke haɗa ragunansu. In an yanka an feɗe, sai a banƙare kowane rago a jikin sanduna, a kafa su tsaye a kewaye wata babbar wuta ta gungume, su wuni suna gasuwa a hankali. Kayan ciki kawai ake soyawa a ci ranar. Ragon kansa ba a taɓa shi sai gobe. Raguna bakwai aka kafa ranar, kuma rago in an tuɓe masa fata an cire kai, to duk ɗaya suke a idon baƙo.

Ga inda matsalata take. Ina bukatar cinyar ragon gidanmu a ranar, amma wa zan tambaya wanne ne namu? Sanusi surukina ne. Tun da na zo, daga bayan ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ni, ni kuma in amsa ina kallon bango. In buɗe baki in ce masa wanne ne ragonka, ai kamar na ce kwaɗayin nama ya kawo ni. Lanti tana ɗaki tana jego, kuma tsakanina da ita ma maganar ba ta wuce "kin ci abinci?" Hajiya Mariyama kuwa ita nake so in yi wa ba-zata. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar mai sabon ilimi. Na laɓe jikin zana na leƙa ta wata 'yar ɓula lokacin da ake kafa ragunan. Da idona na ga Sanusi ya kafa nasa. Akwai darbejiya a kusurwar kangon, na ƙirga daga gindinta, ɗaya, biyu, uku. Na ciro littafina na rubuta: "Namu na uku daga darbejiya." Har da ɗigo a ƙarshe, yadda malamarmu ta koya mana. Na koma wurin suyar kayan ciki ina jin kaina wata mai wayo.

Da aka kira La'asar maza suka tafi masallaci, daga can kuma za su wuce gaishe-gaishe. Aka bar Ilu, mahaucin da ke kula da wutar. Na yafa mayafi na ɗauki kwano na shiga kangon. Na duba littafi, na ƙirga, na tsaya gaban na uku.

"Inna, lahiya?" in ji Ilu.

"Lafiya lau, ɗana. Cinyoyin wannan nake so, duka biyun."

"Yau? Nan sai gobe muke taɓa su."

"Na sani. Wata 'yar hidima ce, kuma ba na so a ji kafin lokaci."

Ya dube ni, ya dubi ragon. Tun safe yana ganina da Hajiya Mariyama a kan kasko ɗaya, don haka bai ƙara tambaya ba, ya sa wuƙa. Na ga wani jan ƙyalle ɗaure a ƙafar ragon ta gaba, na ce a raina mutanen Maraɗi da son ado, har rago sai an yi masa kwalliya. Da ya ɗora mini cinyoyin a kwano sai da hannuna ya lanƙwasa. Kitse yana ɗiga. Na ce ikon Allah, ashe wutar garin nan ƙiba take sa wa dabba. Har istigfari na yi saboda rainin da na yi wa ragon surukina (ku ji fa, istigfari).

Naman ya riga ya sha wuta, bai ba ni wahala ba. Ƙullun dawar da na kwaɓa tun safe ya tashi, na gasa hoce ya yi ja gwanin sha'awa. Miyar sure ta haɗu da daddawar Kaura, ƙamshi ya tsallake katanga. Na aika wa maza babban kwano a zaure, na kira matan layin, namu da 'yan gari, aka baza tabarmi a tsakar gida rana tana shirin faɗuwa. Wata 'yar Zurmi ta gutsuri hoce ta riƙe shi a hannu tana kallo, ta ce rabonta da shi tun da aka kawo ta garin, idonta ya ciko. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Kwanon Hajiya Mariyama daban na zuba, na tsince mata tsoka mafi kyau. Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu, ta tsaya.

"Bazamfara, kin taɓa ragon surukinki tun yau? Ku dai ba ku da haƙuri."

"Al'adar gidanmu ce, Hajiya."

"Ragon Sanusi ne wanga? Wancan mai kama da akuya?" Ta ɗaga tsoka tana juyawa. "To lalle ido na ruɗi. Ku ji kitse. Wanda ya yi kiwon ragon ga ya san aikinai, wanga ya sha dussa ya sha harawa."

Na sunkuyar da kai, na ce, "Ai yaron yana ƙoƙari."

Daga nan na miƙe na buɗe littafina. Na san in na ce zan yi magana da ka, murya za ta gudu ta bar ni, don haka tun a Kaura na rubuta abin da zan faɗa. Na karanta a hankali, ina bin layi da yatsa:

"Ni baƙuwa ce, ban iya magana ba. Kun riƙe mini yarinya lokacin da hannuna bai kai ba. Hajiya Mariyama, kin yi abin da ni ya kamata in yi. Ba ni da abin da zan biya ki. Wannan ɗan nama daga ragon gidanmu ne, ki ci da haƙuri."

Hajiya Mariyama ta share ido da bayan hannu, ta bar maiƙo a kunci. Da a nan labarin ya tsaya, da na mutu ina alfahari da shi.

Sai aka yi sallama. Wuta ta mutu, maza sun fara shigo wa kowa da ragonsa. Na Sanusi aka fara shigowa da shi, aka jingine a ƙofar ɗakin Lanti. Na dube shi. Ɗan matsakaici, ya ƙara tsukewa da ya sha wuta. Na ƙirga ƙafafunsa, huɗu. Na sake ƙirgawa (kamar lissafin ne zai canza), huɗu dai.

Bayansa Ilu da Habu suka shigo da wani, suna nishi. Ƙirji kamar ƙofa, haƙarƙari cike da nama, amma daga ƙugu ya ƙare. A ƙafarsa ta gaba ga jan ƙyalle, kuma sai a lokacin na lura irin zanen da ke jikin Hajiya Mariyama ne.

"Ilu," ta ce a hankali, "ina sauran ragona?"

"Hajiya, ai baƙuwarki ta amsa. Na zaci ke kinka aiko ta."

Abin da na yi a nan shi ya fi komai ba ni kunya har yau. Maimakon in yi shiru, sai na buɗe littafi na miƙa wa Ilu, na ce, "Ga shi a rubuce, na uku daga darbejiya." Kamar takardar za ta mayar wa rago da ƙafafu.

Ilu bai ma duba ba. Ya ce, "Da sahe na uku na Sanusi ne, gaskiya. Amma iska gefe guda take kaɗa wuta, Inna. Da Azahar muke zagaya su, kowane ya canza wuri don su gasu daidai. Shi ya sa kowa ke ɗaura ƙyallenai."

'Yar Zurmin nan nama na bakinta, ta rasa ta haɗiye ko ta tofar. Habu ya ajiye rabin ragon, ya ce da uwarsa cikin ƙaramar murya, "Inna, gobe mi za mu kai?" Lanti ta leƙo da jariri a kafaɗa, ta dubi ragon, ta dube ni, ta koma ciki. Can na jiyo kukanta.

Kukan nan ne ya karya ni. Ni kwana kaɗan zan yi in koma Kaura, in rufe ƙofata. Ita kuwa nan za ta zauna, a gidan matar nan, ba uwa ba uba, kuma duk inda ta gifta a ce ga ɗiyar wadda ta kwashe cinyoyin surukai. Na zo in ƙara mata daraja a idon mutanen da suka riƙe ta, na ɓarar da wadda take da ita. Na durƙusa gaban Hajiya Mariyama, na ce, "Ki yi mini duk abin da kika ga dama. Amma wallahi yarinyar ba ta sani ba."

Ƙashin da ke hannunta take kallo, ta daɗe tana juya shi. Can ta ce, "Na ce kamar na san shi."

Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ta kama ta har da tari, sai da aka miƙa mata ruwa.

"Jama'a ku shaida," ta ce. "Wata goma sha ɗaya ina ba shi harawa da hannuna. Yau an dahwa mini shi, an ce in ci da haƙuri. Har na yabi mai kiwo."

Mata suka fashe. Wadda nama ke bakinta ta samu ta haɗiye.

"Ashe da kunka kahwa Shari'a gudowa kinka yi da sana'arki, Bazamfara. Ilu, tsare ƙohwa, kada ta koma da hannuwanta duka biyu."

Ni dai ina durƙushe, ina roƙon ƙasa ta buɗe. Ta tashi ta wuce ni ta shiga ɗakin Lanti, kuma da yake muryarta ba ta san sirri ba, kowa ya ji abin da ta ce.

"Ke, share hawayen ga, mai jego ba ta kuka. Uwarki ta ƙetaro duwan da jandarma da daddawa a ka don ta ce mini na gode. Tun da nike, wa ya taɓa yi mini haka? Nama ne, cikinmu ya shiga. Ɗakin ga naki ne har ki gaji."

Daga zaure Sanusi ya yi gyaran murya ya shigo, ya ce a ɗauki ragonsa gaba ɗaya a ba Hajiya. A ranar na fara yi masa magana ido da ido. Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, na jawo maka." Ya rasa inda zai sa kansa, ya cire hula ya mayar, ya ce, "Inna, da kin tambaye ni." Kalma biyar, kuma duk cikinsu babu ta musu.

Hajiya Mariyama ta fito ta kama cinyar ragon Sanusi ta ɗaga da yatsu biyu. "Wagga in na kai gidan surukai sai su ce zabo munka yanka." Aka sake dariya, Sanusi ya sulale waje. Sannan ta yanke mini hukunci. Gobe in sake gasa hoce, in yi miyar nan da cinyoyin Sanusi duka biyu, in ɗauka da kaina in bi ta gidan surukan, in faɗa musu inda cinyarsu ta shiga.

"Da bakinki," ta ce. "Littahin nan ki bar shi gida, ya yi aikin da ya isa."

Haka aka yi. Ni da ba a jin muryata a ɗaki, na zauna gaban mata sun fi goma da ban taɓa gani ba, na ba da labarin kaina tun daga ɓular zana. Na fara da rawar murya, na ƙare ina share hawayen dariya tare da su. Kakar amarya ta sa na maimaita wurin da na miƙa wa Ilu littafi har sau biyu. Uwar amarya ta cinye hocenta ta ce ba zan bar garin ba sai na koya mata. Aure dai an yi shi, kuma an ce ko a wurin bikin sai da aka ba da labarina.

Lanti tana gidan nan har yau, 'ya'yanta kaka suke ce wa Hajiya Mariyama. Ni kuma duk shekara, bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki, sai wani direban hanyar Jibiya ya yi sallama a ƙofar gidana da ƙunshi. Cinya ce gasasshiya, ɗaure da jan ƙyalle. Saƙon bakin ba ya canzawa: a ce wa Bazamfara ga nata an kawo mata, ta zauna gida, kada ta wahalar da kanta da ƙetare iyaka.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kunyar suruki abu ce mai kyau, ban daina ba, amma na gane wadda ta hana ni tambaya ɗaya a bayan ƙofa ita ta sa ni bayani gaban unguwa biyu. Kuma yanzu kafin in miƙa wa mutum kwanon godiya, sai na tabbatar abin da ke ciki ba nasa ba ne. Littafin yana nan a ƙasan akwatina, shafin ma yana nan da ɗigon maiƙo a gefe: "Namu na uku daga darbejiya." Rubutun bai yi ƙarya ba. A ƙarƙashinsa na ƙara layi ɗaya da na dawo Kaura: "Rago yana tashi, a tambaya."